Sawun da Mai Fito Ya Koma Domina

Shekara uku na yi ina karɓar yabon da ba nawa ba, kuma in faɗi gaskiya na iya karɓa. Idan aka nuna ni aka ce, "Ga Malam ɗin da ya bar wurinsa a bakin rafi," sai in sunkuyar da kai, in ɗaga hannu ɗaya, in ce ai ba komai, yin Allah ne. Har wata murya na tanada don wannan amsa, mai sanyi, irin ta mutumin da ba ya son a yabe shi. Matata ta ce duk lokacin da na ɗauko muryar nan sai ta ji kamar ta bar mini ɗakin.

Ni malamin firamare ne. Ƙauyen da na yi koyarwa kuma na yi aure yana ƙasar Sabuwa, ba nisa sosai da Damari. Daji yana bayanmu, rafi yana gabanmu, hanyar mota tana ƙetaren rafin. Da rani rafin nan yashi ne kawai, akuya ma ba ta ɗaga ƙafa idan za ta wuce. Amma idan marka ta zauna, ruwan yana zuwa ja wur, da ƙarfi, yana tafe da rassan itatuwa, kuma duk mai son zuwa kasuwa ko asibiti sai ya nemi mai fito.

Mai fiton namu gajere ne kakkaura, idanunsa kullum ja saboda ruwa, ba ya da yawan magana. Daga unguwar Maguzawa ya fito, ya musulunta tun yana saurayi, ƙanwarsa kuma tana zuwa coci, kowa ya san haka kuma ba wanda abin ya dama. Mahaifinsa da ƙaton gora yake fito. Shi kuwa tif ya samu, wato robar cikin tayar babbar mota, ya hura ta, ya ɗaure baho a tsakiya. Kaya da ƙananan yara su ne na cikin baho. Manya biyu yake ɗauka a sawu ɗaya, ɗaya ta nan ɗaya ta can, suna fuskantar juna, kowa ya rungumi tif da hannu biyu, jikinsa cikin ruwa har ƙirji. Shi yana baya yana iyo yana turawa. Dokokinsa uku ne, kuma ko mai gari bai isa ya karya su ba: a tuɓe manyan kaya a zuba a baho, kada a yi harbi da ƙafa, kada a kalli ruwa. "Dubi huskar ɗan'uwanka," haka yake cewa. "Ruwa na juya kan mutum."

Ba mu cika shiri da shi ba, kuma laifina ne. Ina jin haushin tsayawa daga ni sai singileti da gajeren wando a gaban iyayen ɗalibaina. Sarkin Ruwa nake kiransa, cikin zolayar da ke da reni a ƙasanta, ina ce masa nan da baɗi gwamnati za ta yi gada ya koma yin tubali. Sai ya ce, "Allah Shi kawo ta, Malam, in huta." Ya miƙo hannu in ba shi babbar rigata.

Da ɓarayin daji suka fara taɓa ƙauyukan da ke kusa da mu, aka kafa kwamitin tsaro, ni ne magatakarda, don ni nake da biro da rubutu mai kyau. Aka ba ni usur in riƙa ratayawa a wuya. Na zana taswira a bayan wata tsohuwar kalanda, na nuna cewa in abu ya faru kowa ya bi burtalin shanu ya yi arewa. Mai fito, wanda ba ya cikin kwamitin, yana tsugune a gefe, ya ce da damina ta burtalin nan za su shigo, don nan ne kaɗai babur ba ya kafewa, mafita ɗaya ita ce rafi. Na ce masa wannan magana ba ta cikin ajandar yau. Na rubuta hakan ma a littafin taro.

Akwai wani abu guda da na fi alfahari da shi fiye da biro da usur, shi ne kunyar surukai. A nan ba ni da na biyu a ƙauyen. Surukata, Hajiya, mahaifiyar matata, gidanta yana ƙarshen gari. Shekara tara da aurena ban taɓa cin ko gyaɗa a gabanta ba. Ban taɓa duban fuskarta ba. Da za a ce in siffanta ta, sai dai in siffanta takalmanta. Idan na je gaisuwa tun daga ƙofar gida nake cire nawa takalman, in durƙusa nesa, in gaishe da ƙasa, ita kuma ta amsa wa bango. Idan na hango ta a hanya sai in faɗa gonar dawar mutane in zagaya, ko da raɓa za ta jiƙa ni sharkaf. In akwai magana tsakaninmu, sai an samu na uku ya kai ya kawo. Ina zama a majalisa in yi ta faɗa da samarin zamani da ke ɗora surukarsu a bayan babur, ina cewa duniya ta lalace. Kuma ina jin daɗi idan tsofaffi suka ce a yi koyi da Malam.

Ranar da abin ya faru an kwana uku ana ruwa. Da hantsi ne, maza da yawa suna gona. Matata ta ƙetare tun da safe da yaranmu, ta tafi awo Damari. Ina zaune a ƙofar gida ina gyara rediyo sai na ji babura, da yawa, ta wajen burtali. Sai harbi. Usur yana wuyana, amma ban tuna da shi ba sai bayan kwana biyu, da matata ta tambaye ni me na rataya. Na faɗa gonar masara da babbar rigata, na yi ta gudu, na fito na ga ashe zagaye na yi, ina bayan gidana. Na sake komawa. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ina wannan dawafi ba. Ina jin ihu, ina jin shanu suna kuka, hayaƙi ya fara tashi ta wajen rumbunan mai gari.

Mutane ba su bi taswirata ba, Allah Ya taimake su. Rafi suka yi. Waɗanda suka iya iyo suka faɗa. Sauran, mata da tsofaffi da yara, mai fito ne ya yi ta kai su yana dawowa. Sawu nawa ya yi, kowa da nasa lissafin, ni kuma ba ni da bakin faɗa tunda ina cikin masara. An ce har jarirai uku ya jera a baho lokaci ɗaya. An ce wata mata ta suma a tsakiyar ruwa, ya riƙe ta da haƙori ta wuyan riga yana tura tif da hannu ɗaya.

Lokacin da na iso bakin rafi gari duk yana ƙetare, cunkus a ƙarƙashin itatuwa. Mutum ɗaya ya rage a wannan gefen. Tun daga nesa na gane takalman da aka bari a bakin ruwa. Hajiya ce, ciwon gwiwa ya sa ta zama ta ƙarshe. Ta riga ta cire mayafi da zanen sama ta zuba a baho, tana cikin ruwa zuwa ƙugu. Mai fito yana riƙe da tif, numfashinsa kamar na bijimin da ya yini yana huɗa.

"Malam, tuɓe ka kama!" ya ce. "Hajiya nan, kai nan."

Na dubi tif. Na auna abin da ake nufi. Ni da singileti, Hajiya ba mayafi, fuska da fuska, tsakaninmu bai kai kamu biyu ba, gwiwoyi suna haɗuwa a ƙarƙashin ruwa, ga kuma doka ta uku. Ana harbi a bayana, kusa sosai yanzu, amma wallahi abin da ya cika mini kai ke nan. Na ja da baya taku biyu.

"Tahi da Hajiya tukuna," na ce.

"Biyu nike ɗauka, ka sani. Mutum guda tif karkata yake. Kama mu tahi!"

Sai Hajiya ta yi magana. Ba da ni ba, da mai fito. "Ka ce mashi ya taho. Yau ba ranar kunya ba ce."

Ni kuma na dubi mai fito na ce, "Ka ce mata ba komai, ina nan tahe."

Mu uku, kowa zai iya taɓa kowa da hannu, ana ƙona gari a bayanmu, mun mai da mutumin da ya fi kowa gajiya ɗan aike. Na daɗe ina so in yi dariyar wannan, amma ba ta fitowa.

Ya dube ni, ba da fushi ba, irin duban da ake yi wa akuyar da ta ƙi shiga mota. Ya ce, "Allah Shi shirye ka, Malam. Shiga ciyawa ka kwanta." Ya kama gefen da ya kamata in kama, ya zama shi ne fasinja shi ne mai turawa, suka tafi a karkace, ruwa yana jan su ƙasa.

Na kwanta cikin ciyawa. Na ga sun isa, na ga an ja Hajiya. Na ga maza biyu sun riƙe hannunsa, suna nuna masa hayaƙi, ya fizge ya jawo tif ya sake faɗawa. A wannan karon ba sai an ce mini in tuɓe ba. Kafin ya iso na cire riga da hula, na shiga ruwa, ban ko tuna cewa Hajiya da duk mutanen gari suna can suna kallona ba. Ya juya tif ya sa ni ta gefen ƙetare, shi ya zauna ta gefen gari.

Mun wuce tsakiya lokacin da babura suka iso gaɓa. Ban gan su ba, don sau ɗaya a rayuwata na bi dokarsa, fuskarsa nake duba. Na ji harbi, ruwa ya yi tsalle kusa da mu. Sai na ji wata ƙara kamar an mari mutum a baya, tif ya girgiza. Ya buɗe baki, ya rufe. Ya ce, "Riƙe. Kar ka saki." Ya ci gaba da turawa, amma ba kamar da ba. Mutanen ƙetare duk sun zube ƙasa, wani ya rarrafo ya jefo igiya, na kama da hannu ɗaya. Da ƙafata ta taɓa laka na juyo in ce masa mun iso, ba kowa a wancan gefen tif.

Bayan kwana biyu aka same shi can ƙasa, saiwar wani itace ta tare shi. Aka yi masa sutura a ƙetaren, don ba wanda ya yarda ya koma gari.

Yadda yabon ya faro kuwa, ina zaune a laka, sai wani dattijo ya kama hannuna ya ce, "Allah Shi yi maka albarka, Malam. Mun gani." Ƙarar ruwa ba ta bari sun ji maganarmu ba. Abin da suka gani shi ne mutum ya ja da baya ya nuna tsohuwa. Suka fassara da kansu: Malam ya ga mai fito ya gaji, ya ce a ɗauki Hajiya ita kaɗai don tif ya yi sauƙi, shi ya tsaya a bakin bindiga. Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Amin."

Daga wannan amin ɗin ban sake samun hanyar komawa ba, ko in ce ban nema ba. Gari ya watse. Mu muka zauna Faskari wajen wani ɗan'uwa, daga baya aka mai da ni wata makaranta kusa da Mairuwa. Labarin ya riga ni isa. A can har an ƙara masa gishiri, wai ni na goyo Hajiya daga gida zuwa rafi, ni da ban taɓa taɓa ko gefen tabarmarta ba. Ban ce haka ne ba, ban ce ba haka ba ne, na dai yi muryar nan tawa. Duk inda aka ambaci mai fito sai a haɗa da ni, a ce gari ya yi maza biyu, ɗaya ya tafi ɗaya ya rage. An taɓa tara 'yan garinmu don yi masa addu'a, aka ce ni zan yi jawabi tunda ni na gan shi ƙarshe. Na yi jawabi mai kyau ƙwarai, mutane suka yi kuka. Na faɗi komai game da shi ban da dalilin da ya sa yake cikin ruwa a wannan lokacin.

Mutum ɗaya ya san gaskiya, kuma a gida ɗaya muke zaune yanzu, ɗakinta yana kallon nawa. Abin da ya fi muni a cikin lamarin, na kwantar da hankalina da cewa Hajiya ba za ta taɓa yi mini maganar ba, tunda ba ta yi mini magana. Kunyar da ta kashe mutum ita ce kuma ta zama mini katanga. Na ci gaba da durƙusawa nesa ina gaishe da ƙasa. Na lura dai amsarta ta gajarce, amma na ce tsufa ne.

Barci kuwa ina yi, kada in yi ƙarya. Da rana abin yake kama ni, ina tsakiyar rubutu a allo, ko in an yi ruwa na ga kwata ta cika. Sai in yi lissafin da ba ya ƙarewa. Da na kama tif a sawun farko, da mun isa mu uku kafin babura su iso. Ba abu ne mai wuyar ganewa ba, ɗan aji biyu zai gane shi.

A damina ta uku, wata ranar Asabar, matata ta shigo ta ce, "Malam, Inna ta ba ni saƙo, ni dai ban gane kanshi ba. Ta ce in hwaɗa maka matar mai hito tana Kankara wurin yayanta. Ta ce kuma hanyar can babu rahi."

Na ce na ji. Kwana huɗu na yi ina neman dalilin da zai hana ni tafiya, har mura na gwada, ta ƙi kama ni. Na ɗora rabin buhun masara a mota na tafi. A hanya na shirya jawabi, da gabatarwa da komai. Na tsara inda za ta fashe da kuka, da inda za ta ce ta yafe, har fuskar da zan karɓi yafiyar da ita na gwada a gilashin mota.

Na same ta a tsakar gidan yayanta tana tsince wake a faifai. Ta rame. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, muka gaisa, ta tambayi Hajiya da matata da yara ɗaya bayan ɗaya. Da gaisuwa ta ƙare na nemi jawabina na rasa. Sai na faɗe shi a bushe, yadda yake. Na ce ban bar wurina don kowa ba. Na ce tif biyu yake ɗauka, ya kira ni, Hajiya ma ta kira ni, na ƙi don ina kunyar surukata. Na ce sawun da ya mutu a cikinsa bai kamata a yi shi ba.

Ba ta daina tsince wake ba. Ta ce, "Na sani, Malam. Hajiya ta hwaɗa mani tun ranar sadakar uku."

Na rasa inda zan sa idona.

"Ni na roƙe ta kar ta hwaɗa ma kowa," ta ce. "Na ce a bari mu ga ko za ka zo da ƙahwarka. Na zaci arba'in. Ban zaci shekara uku ba."

Na ce ta yafe mini. Ta zubar da tsakuwar da ke hannunta.

"Wa'adi dai na Allah ne, haka malamai suka ce, ni kau ban musa ba. Kuma na san halin mutumina, ko akuya ya hango a wancan gaɓa sai ya koma. Amma kar ka ce in hwaɗa maka ban taɓa lissahin da kake yi ba. Kullum sai na yi shi." Ta ajiye faifan. "Tawa yahiyar mai sauƙi ce, zan ba ka in na samu iko. Ba ita ta dame ni ba. Ɗiyanshi huɗu sun tashi suna jin ana cewa gari ya yi maza biyu. Babbar ta taɓa tambayata, 'Inna, in Malam ya yarda ya tsaya don wani ya rayu, mi ya sa Baba bai bar shi ya tsaya ba?' Tana ganin kamar ubanta ne ya yi garaje. Ban ba ta amsa ba, don ba a bakina amsar take ba."

Na fara cewa ko in rubuta musu wasiƙa, in tsara komai dalla-dalla, don na fi iya bayani a takarda.

"Zamna, Malam," ta ce. "Sun tahi cirar ciyawa a gonar kawunsu, yanzu za su shigo."

Na zauna. Ta koma kan wakenta. Ba a daɗe ba na ji muryoyi a zaure, ana jingine fartanya a bango. Babbar ce ta fara shigowa, da dammin ciyawa a ka. Da ta gan ni ta sauke shi da sauri, fuskarta ta washe, ta durƙusa har ƙasa, ta juya ta kira ƙannenta.

"Ku taho ku gaida Malam," ta ce. "Shi ne wanda nike ba ku labari."